Karatun jinya da neman na kai a Legas: tambayoyin da ake yawan yi

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na cefane suka yi tashin gwauron zabo, gidaje da yawa a Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Obalende suka kasa ɗaukar nauyin ɗalibin jinya su kaɗai har ya gama. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai da iyayensu suka fi maimaitawa a kan haɗa wannan karatu da aiki ko 'yar sana'a. An fara da na farko-farko, sannan aka shiga masu zurfi.

Wai zai yiwu kuwa mutum ya haɗa digirin jinya da aiki?

Zai yiwu, amma ba kowane irin aiki ba, kuma ba a kowace shekarar karatu ba. Digirin jinya, wanda ake kira BNSc, shekara biyar ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, kuma na cikakken lokaci ne. Wanda bai taɓa riƙe lasisin jinya ba, babu wani tsarin karatun yamma ko na ƙarshen mako da zai kai shi ga zama nas. Duk wanda ya ce maka yana da irin wannan makaranta, ka fara binciken ko Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wato NMCN, ta san da zamanta.

Abin da ya bambanta jinya da karatun tattalin arziki ko tarihi shi ne fostin, wato lokutan da ake tura ɗalibi ɗakunan marasa lafiya ya yi aiki a gaban ma'aikata. Lakca idan ta wuce ka, ka ari littafin aboki ka kwafa. Fostin ba a arar sa. Jadawalinsa kuma ba ya shawara da kowa: wannan makon kana dutin safe, mai zuwa na rana, wani lokaci na dare. Saboda haka aikin da zai yi maka shi ne wanda kai ne mai tsara lokacinsa, wanda za ka iya ajiyewa mako uku ka dawo ka same shi. Kusan duk amsoshin da ke gaba daga nan suka taso.

A ina ake wannan karatu a Legas, kuma wurin yana da tasiri a kan aikin da zan iya yi?

Yana da shi sosai. Ɗalibin Jami'ar Legas yana shekararsa ta farko a Akoka, daga nan ya koma Kwalejin Likitanci da ke Idi-Araba, wadda ke harabar asibitin koyarwa na LUTH. Na Jami'ar Jihar Legas yana farawa a Ojo, sannan ya koma Ikeja inda asibitin koyarwa na LASUTH yake. Akwai kuma kwalejojin jinya, irin ta jihar Legas da ke Igando, waɗanda tsarinsu daban yake da na digiri amma nauyin fostin ɗinsu bai gaza ba. Ban da asibitin da makarantarka take, za a iya tura ka asibitin masu taɓin hankali da ke Yaba, ko na ƙashi da ke Igbobi, ko wata cibiyar lafiya ta matakin farko can bayan gari.

Ma'ana, aikin da ka samu a Ojo kana aji ɗaya ba zai bi ka Ikeja ba. Kada ka ɗaure kanka da alkawarin shekara biyu a unguwar da za ka bari bayan wata tara.

Wace shekara ce ta fi sauƙin haɗawa da aiki?

Ta farko. Darussanta na kimiyya ne, fiziks da kemistiri da bayoloji da lissafi, babu asibiti a ciki. Sai dai a kiyaye, a wannan shekarar ake tankaɗe, wanda makinsa bai kai ba ba zai tsallaka kwalejin likitanci ba. Aji biyu ya fi kowanne haddar dole, a nan ake ilimin sassan jiki da yadda suke aiki, kuma a nan ne masu aiki da yawa suke fara ganin makinsu na zamewa. Daga aji uku fostin ke yin nauyi, har dogon hutu ma yakan tafi a ciki.

Aji huɗu ne ake zana jarrabawar NMCN ta zama nas mai rajista. Aji biyar kuma ga karatun ungozoma da tasa jarrabawar, ga kundin bincike. Idan ana son tara wani abu, a tara shi a aji ɗaya da hutun da ke biye da shi, don ya ɗauki nauyin watannin da za a rufe sana'a gaba ɗaya. Duba amsar da ke kan lokacin ajiye aiki.

Awa nawa a mako ya kamata in ba aiki?

Ɗauki biro mu yi lissafi tare. Mako awa 168 ne. Cire barcin awa bakwai a kullum, 49 ke nan, saura 119. Lakca ko fostin daga Litinin zuwa Juma'a, a ƙaddara awa 40, saura 79. Hanya, idan kana cin awa ɗaya da rabi zuwa, awa ɗaya da rabi dawowa, 15 ke nan, saura 64. Karatun kanka awa 20, saura 44. Salla da girki da wanka da wankin fararen kaya da guga, awa uku a rana, 21, saura 23. A cikin 23 ɗin nan ne suna da biki da gaisuwar mutuwa da zazzaɓin da ba ya sallama suke.

A ganina awa 10 zuwa 12 a mako shi ne iyakar abin da mai fostin zai iya ɗauka ya daɗe yana yi. Wanda ya ce yana yin 30 bai ƙirƙiro sababbin awoyi ba, daga barci ko daga karatu ya yanko su. Lambobin nan misali ne kawai, ka sa naka. Wanda ke kwana a hostel ya riga ya ci ribar awa 15 ɗin hanya, shi ya sa amsar da ke kan zirga-zirga ta shafi wannan kai tsaye.

To, waɗanne ayyuka ne suka fi dacewa?

Lesin ne a gaba. Ɗalibin jinya ya ci bayoloji da kemistiri da fiziks kafin ya samu gurbi, kuma iyaye a Surulere da Ikeja da Yaba suna neman mai koya wa 'ya'yansu waɗannan darussa gabanin WAEC da JAMB. Wanda ya sauke Alƙur'ani yana da wata ƙofar: gidajen Musulmi, Hausawa da Yarbawa, da ke son malami ko malama su zo gida Asabar da Lahadi. Kyawun lesin shi ne awa biyu ce a ƙayyade, kuma idan jadawali ya canza ana iya roƙon uwar yara a mayar da ta Talata zuwa Alhamis. A yi ciniki a kan wata, a karɓi rabi tun farko, a kuma faɗa musu gaskiya cewa akwai makonnin da ba za a zo ba.

Sai saye da sayarwa na oda. Ga yadda wasu ke yi da kayan gwari: ranar Alhamis ɗaliba ta sa sanarwa a WhatsApp cewa za a raba kwandon tumatir da buhun albasa, masu so su turo kuɗi. Da asubar Asabar ɗan'uwanta da ke Mile 12 ya saya mata a farashin kasuwa ya ɗoro a mota. Kafin azahar ta kasa kashi-kashi a leda, kowace da sunan mai ita, ma'aikatan asibiti da matan unguwa su aiko a karɓa. Ba ta zuba jarinta ba, ba ta kwana da kayan da zai ruɓe ba, kuma makon jarrabawa sai kawai ta ƙi sa sanarwa. Haka ake yi da kilishi, dambun nama, turaren wuta, hijabai da atamfa daga Kano. Lalle da kitso na ƙarshen mako su ma suna kawo kuɗi, musamman lokacin bukukuwa, illa dai zaman lallen amarya yakan cinye yini guda. Masu kwamfuta da Hausa mai kyau suna samun aikin fassara ko rubuta abin da aka naɗa a murya ta intanet, amma duk wanda ya ce ka biya kuɗin rajista kafin ya ba ka aiki, ɗan damfara ne.

Zaman shagon POS ko tsaron kanti ba su cika dacewa ba, don mai shago yana son ganin ka daga safe zuwa dare, kuma duk kuɗin da ya ɓata daga albashinka zai fita. Sai dai idan na gida ne, kana karɓar yayanka na awa uku da yamma.

Wani asibitin kuɗi a unguwarmu ya ce in riƙa zuwa dutin dare a matsayin nas. Ina aji uku, na iya allura da sa ruwa. In karɓa?

Kada ki karɓa, 'yar'uwa. Wannan ita ce tayin da ta fi kowace daɗin ji, don ta yi kama da ƙarin gogewa, ga kuɗi a hannu, ga shi kusa da gida. Amma doka ba ta san nas ba sai wanda NMCN ta yi wa rajista ta ba shi lasisi. Hukumar tun 1979 take, kuma ita ce ta shigar da sunanki a kundin ɗalibai, ita ce kuma za ta ba ki lasisi ko ta hana. Allurar da kike yi a fostin kina yin ta ne a ƙarƙashin idon ma'aikaciya mai lasisi, ita ke ɗauke da alhakin. A wancan asibitin, ƙarfe biyun dare, likita yana gidansa, ke kaɗai ce da mai naƙudar da jini ya ɓalle mata. Idan abu ya lalace, mai asibiti zai ce bai san ke ɗaliba ba ce, ko ya ce ke kika yi gaban kanki. Kuma a Legas akwai hukumar HEFAMAA da ke zagaya asibitoci masu zaman kansu, tana rufe waɗanda ta kama da ma'aikatan da ba su cancanta ba.

Abin da ya sa suke neman ki ba ɓoyayye ba ne: nas mai lasisi ta fi ki tsada. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Legas ta sanar a 2024 naira 85,000 ne, na tarayya 70,000, ki gwada da abin da suka ce za su ba ki na dare goma sha biyar. Ga kuma abin da ba a faɗa: a irin wuraren nan ake koyon aikin gaggawa marar tsari, mayar da murfin allura da hannu biyu, rubuta awon da ba a yi ba, haɗa magani ba tare da wani ya duba ba. Hannu idan ya saba, ranar jarrabawar aiki a gaban masu sa maki shi zai tona ki. Idan kuma allurar da aka yi wa wani ta soke ki, maganin kariya daga cutar HIV dole a fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28. A asibitin koyarwa akwai inda za ki kai rahoto nan take. A can, wa za ki gaya wa, alhali zamanki a wurin ma a ɓoye yake?

Idan asibitin na son ki da gaske, akwai ayyukan da ba su buƙatar lasisi: teburin karɓar baƙi, buɗe kati, adana fayil, shigar da bayanai a kwamfuta, tafinta tsakanin likita da marasa lafiyar da ba sa jin Turanci ko Yarbanci. A rubuta sunan aikin a takarda. Ranar da aka ce “ɗan taimaka ki sa wa wancan ruwa tunda kin iya”, ki san an fara ketare abin da aka rubuta.

Maƙwabta fa da ke kawo allura gida, ko mai kemis da ke son in zauna masa?

Hukuncin ɗaya ne da na amsar da ta gabata, sai dai wannan ya fi wuyar ƙi, don da zarar an gan ki da fararen kaya kin zama “likita” a layinku. Za a turo yaro da ledar allurai a ce inji Hajiya a zo a yi mata. Ba ki san wanda ya rubuta ba, ba ki san ko jikinta na ƙin maganin ba, kuma idan numfashinta ya sarƙe bayan minti biyar babu abin ceto a ɗakin. Ki je da kanki ki gaishe ta, ki ce, “Hajiya, makaranta ta hana mu, idan aka ji korata za a yi. Bari in raka ki cibiyar lafiya a yi miki.” Rakiyar nan takan wanke ƙin.

Kemis kuwa lasisinsa na sayar da wasu magunguna ne da aka ƙayyade, a ƙarƙashin hukumar masu harhaɗa magunguna ta ƙasa. Allura da ƙarin ruwa a bayan labule ba sa cikinsa.

Kula da tsoho ko marar lafiya a gidansa ya halatta ga ɗalibi?

Ya halatta matuƙar an tsaya a kan kulawa: ciyarwa, wanka, canza shimfiɗa, juya wanda ba ya iya motsi duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama shi, tuna masa shan maganin da likita ya rubuta, raka shi asibiti. Iyalai da yawa a Legas 'ya'yansu na wurin aiki ko suna ƙasar waje, suna neman mai amana na Asabar da Lahadi, kuma a cikin duk ayyukan da aka ambata wannan ne ya fi kusa da abin da ake koya miki.

A fayyace tun ranar farko cewa ke ɗaliba ce, ba nas ba, kuma ba za ki yi allura ko sa robar fitsari ba. A yi maganar awoyi da kuɗi da abin da ba ya cikin aikin, in ba haka ba za ki tsinci kanki kina wanke-wanken gidan duka. Mace kada ta je gidan da ba ta sani ba ita kaɗai a karon farko, kuma wani a gida ya san adireshin. Allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, wadda ake yi sau uku cikin wata shida, a tabbata an kammala ta, don fostin ma ana buƙatarta.

Zan iya aikin dare in wuce fostin da safe?

A'a. Wani bincike da aka yi a Ostareliya aka wallafa a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, saurin hankalinsa da daidaiton hannunsa suna raguwa kamar na wanda ya sha giya. Ka duba irin abin da ake sa ɗalibi da ƙarfe tara na safe: ruwa mililita 500 zai shiga cikin awa huɗu, robar tana ba da ɗigo 20 a kowace mililita, ɗigo nawa a minti? Ka ninka 500 da 20, ka raba da minti 240, ya ba ka kusan 42. Lissafin 'yan firamare ne ga wanda ya yi barci. Wanda ya kwana tsaye shi ne zai raba da huɗu maimakon 240, ko ya karanta 0.5 a matsayin 5 a takardar maganin jariri.

Idan dole sai an yi aikin dare, a yi shi daren Juma'a ko na Asabar, inda gari zai waye babu mai jiran ka a asibiti.

Ni namiji ne, ina tunanin acaɓa ko kai saƙo da babur bayan an tashi. Yaya kuke gani?

Ɗan'uwa, ka fara duba taswira. Tun watan Yunin 2022 gwamnatin jihar ta hana acaɓa kwata-kwata a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa, a watan Satumba ta ƙara Mushin, Oshodi-Isolo, Shomolu da Kosofe. Ka ga ke nan Idi-Araba da Ikeja, inda manyan asibitocin koyarwar biyu suke, duk suna ciki. Babur ɗin da aka kama ba a cika dawo da shi ba, murƙushe su ake yi. Idan na wani ne ka karɓa kana biyan balas, ka tashi da bashin da ya fi kuɗin makarantarka.

Kai saƙo na kamfani yana da nasa rajistar da ƙa'idoji, amma yawanci yini suke so. Ga kuma haɗari: karaya ɗaya a ƙafa za ta iya cinye maka zango guda na fostin. Lesin ko kasuwancin oda da aka yi bayani a sama sun fi maka, kuma maza masu kula da tsofaffi maza a gida ana neman su, don sun yi ƙaranci.

Yaya zan rage abin da hanya ke ci mini?

A Legas hanya kan ci fiye da abin da aikin ke kawowa, a kuɗi da a lokaci. Lesin ɗin da ke Lekki ga mai zama a Agege, komai kyan kuɗinsa, hasara ne. Ka nemi aiki a ɗayan wurare biyu: inda kake kwana ko inda kake karatu, ko a kan layin da ya haɗa su.

Jirgin ƙasa na Jan Layi, wanda ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban 2024, yana bi ta Agbado, Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba har Oyingbo. Ga ɗan Agege mai zuwa Ikeja ko Idi-Araba ko Yaba wannan babban sauƙi ne idan lokacin tashinsa ya dace da dutinka, don ba ya shiga cunkoso, kuma a zaune ko a tsaye ana iya bitar darasi a waya, abin da ba ya yiwuwa a danfo. Da katin Cowry ake biya, shi ne kuma na motocin BRT. Amma mafi girman ragi shi ne samun gado a hostel, ko haɗa kuɗi da abokan karatu a kama ɗaki kusa da asibiti. 'Yan Idi-Araba a nan sun ci sa'a, da ƙafa wasunsu ke shiga LUTH.

In gaya wa makaranta ina aiki?

Ba dole ba ne ka bi ofis-ofis kana shela, amma malamin da ke kula da ajinku ya kamata ya sani, tun kafin matsala ta taso. Ka kuma leƙa ofishin kula da harkokin ɗalibai ka tambaya ko akwai aikin cikin makaranta da ake ba ɗalibai, irin na laburare. Abin da ba za a yi maka ba shi ne sassauci a fostin. Ranar da ka rasa sai ka rama ta, kuma littafin da ake sa maka hannu a kan kowane aikin da ka yi a gaban ma'aikaci shi ne shaidarka ta shiga jarrabawar NMCN. Kada ka sa aboki ya rubuta sunanka a rajista kana can wurin sana'a, kada kuma ka kwaikwayi sa hannun wata sista, wato babbar nas. Sistocin nan sun san hannun junansu.

A guji kuma talla a cikin ɗakin marasa lafiya, da ɗaukar hoto ko bidiyo a ciki don jawo mabiya a TikTok. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta rufe sirrin marar lafiya, kuma fuskar da ta fito a bayanka ko sunan da ke jikin fayil sun isa su jawo maka zama a gaban kwamiti.

Babu wata hanyar samun kuɗi in ba aiki ba?

Akwai, kuma kamata ya yi a fara da su. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND ya fara karɓar buƙatu a watan Mayun 2024, ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, yana kuma ba wanda ya nema naira 20,000 a wata na kashewa. Babu kuɗin ruwa a kansa, abin da ya kwantar wa iyaye da yawa hankali, kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa ake fara biya. Dubu ashirin ba za ta riƙe mutum wata guda a Legas ba, amma tana iya zama bambancin aikin awa 20 da na awa 10.

Sai tallafin karatu na jihohi. A nan ne 'ya'yan Hausawan da aka haifa a Legas ke faɗawa tsakiya: na jihar Legas na 'yan asalin jihar ne, na Kano ko Katsina ko Sakkwato kuma sai da takardar shaidar ƙaramar hukuma, wadda da yawa ba su taɓa zuwa sun karɓa ba. A yi wannan tafiya tun hutun aji ɗaya. Kuɗin ba su da yawa, ba sa kuma zuwa a kan lokaci, amma takardar za ta sake amfani wurin neman aikin gwamnati.

Ni na riga na zama nas mai rajista, ina aiki, digiri nake so in ƙara. Nawa lissafin daban ne?

Daban ne, kuma ya fi sauƙi ta wata fuskar, don duk abin da aka faɗa a kan aiki babu lasisi bai shafe ki ba. Hanya biyu ce a gabanki. Ko ki shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, wanda karatun cikakken lokaci ne, sai kin nemi hutun ƙaro karatu a wurin aikinki. Ko ki bi Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, wadda digirinta na jinya na masu rajista ne, tana kuma da cibiyoyi a Legas. Ta biyun ita ta fi dacewa da mai albashi da iyali.

Wahalar a nan ta jadawalin duti ce. Da zarar ranakun jarrabawa sun fito ki kai wa metron, wato shugabar ma'aikatan jinya, kafin ta tsara na wata, kada ki bari sai ya fito ki fara bin abokan aiki kina roƙon musanya. Hutun da ake bayarwa bayan jerin dutin dare ranar farkonsa ta barci ce, sauran ne na karatu. Ki kuma tabbata lasisinki bai ƙare ba a tsakiyar hidimar.

'Yata ce ke karatun, tana son ta fara sana'a don ta rage mini nauyi. In bar ta?

Baba, tunda har ta yi wannan tunani, a sa mata albarka. Sai dai a zauna da ita a ga jadawalinta, a yi lissafin awoyin da ke sama tare. Sau da yawa abin da ya fi kuɗi amfani gare ta shi ne a sauke mata aikin gida: ranar da ta dawo daga dutin dare kada a tashe ta girkin rana, ƙannenta su karɓi wanke-wanke, a samu mai raka ta tasha da asuba. Idan sana'ar oda za ta yi, wani a gida ya riƙe mata kai kaya. Kuma idan aka fara ganin ribar, kada a mayar da cefanen gida kanta, don ranar da ya kamata ta ajiye sana'ar saboda jarrabawa kunya za ta hana ta faɗa.

Da azumi fa?

Watan ciniki ne ga masu zoɓo da kunun aya da ƙosai, ga ɗinki da lallen salla a ƙarshensa, kuma shi ne watan da barci ya fi ƙaranci. A zaɓi ɗaya: ko sana'ar buɗa-baki a kwanakin da babu duti, ko a jira goman ƙarshe a yi ta salla. Wanda ya haɗa fostin da tsayuwar dare da suyar yamma, ya koma ya karanta amsar da ke kan aikin dare.

Yaushe ya kamata in ajiye aikin?

Wata biyu zuwa uku kafin jarrabawar NMCN, a rufe komai. Jarrabawar tana da ɓangaren kwamfuta da na aiki a aikace, kafin ita ma makaranta na yin tata ta tantancewa, wanda bai ci ba ba za a tura sunansa ba. Faɗuwa na nufin jiran wani zagaye da sake biyan kuɗi, wanda ya fi duk abin da sana'ar wata uku za ta kawo. Kuɗin jarrabawar da na rajista a fara tara su tun aji uku, ko da ta adashi ne da abokan karatu, a tsara kwasarka ta faɗo daidai lokacin biya.

Ban da wannan, akwai alamun da ke cewa a dakata ko da babu jarrabawa a kusa: ka faɗi gwaji biyu a jere a darasin da ka saba ci, ka fara gyangyaɗi a tsaye lokacin da ake miƙa rahoton marasa lafiya, ko wata sista ta kira ka gefe ta tambaye ka ko lafiya. A wannan gaɓar a rage awoyi zuwa rabi na wata guda a ga ko maki zai dawo.

Idan aka shiga yajin aiki, in nemi aiki na dindindin?

Ka nemi aiki, amma wanda za ka iya bari da sanarwar mako guda. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 ya fara a watan Fabrairu bai ƙare ba sai Oktoba, wata takwas, kuma da aka janye shi makarantu suka matse zangon karatu don su cike giɓi, jarrabawa ta zo wa mutane ba shiri. Kada ka zuba duk abin da ka tara a kayan da sai an yi wata shida ana sayarwa, ko ka biya hayar shago ta shekara. Ka faɗa wa mai aikin tun farko cewa kai ɗalibi ne kuma ranar da aka buɗe makaranta za ka tafi, sannan ka ware awa ɗaya a kullum ga littattafan zangon da aka katse.